Silikon ko Galiyam Asenayid: Wanne Ya Fi Dacewa da Na'urorin Kwantum?

A na'urar da faɗinta bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), baƙon atom guda ɗaya ya isa ya karkatar da lantarki (electron, ɗan ƙanƙanin abin da ke ɗauke da wuta) daga hanyarsa, shi ya sa zaɓin sinadarin da za a gina ta da shi yake da muhimmanci. Wannan ya shafi na'urorin kwantum, wato masu aiki da dokokin da ƙananan abubuwa irin su atom da lantarki ke bi.

Galiyam asenayid, wato haɗin sinadaran galiyam da asenik, ya yi fice wajen tsabtar hanya. Tun daga 1978 aka gano dabarar ajiye atom masu ba da lantarki a wani shimfiɗi na daban, nesa da inda wutar ke gudana, ta yadda lantarki zai yi doguwar tafiya ba tare da ya yi karo da komai ba. A cikin wannan sinadari ne masu bincike a Delft ta ƙasar Holan da Cambridge ta Ingila suka nuna a 1988 cewa gudanar wuta ta siririyar mashiga tana ƙaruwa ne mataki-mataki, kamar hawan tsani. Sai dai kowace ƙwayar tsakiyar atom ɗin galiyam da asenik tana da ɗan maganaɗisunta, kuma wannan hayaniya tana goge bayanin kwantum cikin kimanin nanosakan 10 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa).

Silikon kuwa yana fama da lahani a mahaɗarsa da oksayid, wato shimfiɗin silikon haɗe da iskar oksijin da ke rufe samansa, inda caji ke maƙalewa. Amma kashi 4.7 cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyinsa ke da maganaɗisu, kuma ana iya tace su a bar silikon-28, nau'in da ƙwayarsa ba ta da maganaɗisu, kusan zalla. Har ma baƙon atom yakan zama abin nema, domin a 1998 masanin kimiyya Bruce Kane ya ba da shawarar adana bayani a atom ɗin fosfaras guda da aka dasa da gangan. A ganina, mai neman bayani ya daɗe bai lalace ba, silikon zai ɗauka.