Darasin magana da bakin jarumin wasa: rabinsa ya biya, rabinsa haushi

Na sayi darussan nan na intanet ne saboda matsala guda. Sulke ina da shi, takobin soso ina da shi, amma da an shiga fili sai bakina ya mutu. Duk wanda ya taɓa wasan LARP, wato wasan da ake sa kayan jarumi a fito fili a taka rawarsa ido da ido, ya san ciwon nan: ka rubuta tarihin jaruminka shafi-shafi, sai wani ya tare ka a bakin tanti ya ce "Baƙo, daga ina?" ka tsaya kana inda-inda.

Kashin farko saura kaɗan ya sa in nemi a mayar mini da kuɗina. Malamar ta daɗe a kan lanƙwasa harshe da haddace tsofaffin kalmomi, alhali a fili babu mai bin ka bashin karin harshe. Abin da ya tsayar da ni shi ne atisayen tambayar bazata. Ta kawo misalin gidan tarihin Plimoth da ke jihar Massachusetts a Amurka, inda masu shigar mutanen dauri suke magana kamar har yau ana shekarar 1627, ɗan yawon buɗe ido ya yi ta jan su da zancen mota da lantarki amma ba sa fita daga rawarsu. Dabarar ita ce kada ka musanta abin da kowa ya gani. Ka raɗa masa suna daga cikin duniyar wasan, sannan ka jefa wa abokin magana, shi ma ya samu abin kamawa.

To, ranar wasa ni ne mai karɓar kuɗin fito a bakin kogi. Manzon sarauniya ya iso da dakarunsa, muna tsaka da ciniki, sai waya ta hau ƙara a cikin sulkensa. Wuri ya yi tsit. Na ga kunnensa ya yi ja, yana laluben madauri da safar ƙarfe a hannu, abin ya ƙi buɗuwa. Ban san lokacin da na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsun da ka ɓoye a ƙirji shi ma sai an biya masa fito" ba. Bawan Allah ya cafke nan take. Ya dafe ƙirji ya ce na gado ne, kuma ba ya son warin talaka. Ya ƙara mini kwabo ɗaya na wasa, aka ƙetare. Kafin dare labari ya zagaye sansani cewa manzo na ɗauke da aljanin tsuntsu, har matsafan wasan suka aiko a kama shi a bincika. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina bai faɗi ba.

Sai dai da na tuna abin da ya samu wata da muka yi ajin tare, raina ya sake ɓaci. An cusa mana "kada ka fita daga rawa" har ya zame mana jiki, amma ko sau ɗaya ba a koya mana alamun fita ba. A wasanni da yawa, ɗora dunƙulallen hannu a ka na nufin yanzu ni ne da kaina nake magana. Wasu farin ƙyalle suke ɗaurawa a goshi, kuma akwai kalmar da in an faɗe ta kowa zai tsaya cak. Wani ya gurɗe a ƙafa, ya ɗora hannu a ka yana neman taimako, ita kuwa ta ci gaba da zazzaga masa ashar ɗin 'yar fashin teku, tana ganin ƙwarewa take nunawa. Alƙalin wasa ne ya janye ta gefe. Laifin wa? Minti biyar ya isa a koyar da wannan.

Ga kuma alkawarin da ke cikin tallarsu, wai ka turo muryarka malama ta saurara ta yi maka gyara. Na tura. Amsar na'ura ce ta dawo, "mun gode da saƙonka", kuma har yau ita ce ta ƙarshe.