Tsohon ƙyaure ko katakon falet: wanne ya fi don teburin falo?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambayi wanne ya fi don teburin falo tsakanin tsohon ƙyauren madaci da katakon falet, wato katakon da ake jera kaya a kai wajen jigila. Ki ɗauki ƙyauren, ba sai kin yi dogon lissafi ba.

Teburin da ke falona ƙyauren zauren kakanmu ne. Lokacin da aka rushe ginin ƙasa za a ɗora na bulo, jingine shi aka yi a bayan gida, kaji na kwana a kansa. Na kai wa kafinta, ya zare ƙusoshi, ya kankare dattin, ya bi da samfefa, sai ga jan madaci ya fito fes. Gurbin sakata yana nan a gefe, na hana shi cikewa, don duk ɗan gidanmu da ya shigo sai ya shafa wurin ya gane ƙyauren. Yara sun hau, an kifar da shayi, an ja shi a ƙasa ranar suna, bai ko girgiza ba.

Abin da ya sa yake haka, ya gama bushewa tun da daɗewa. Katakon da bai bushe ba shi ne hunturu ke tsagawa, ki ga haɗin ya buɗe, ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Wanda ya sha rana da damina shekara da shekaru ya riga ya yi mafi yawan motsin da zai yi. Kuma madaci da loko ba su cika ba gara fuska ba. Aibin tsohon ƙyaure biyu ne, nauyi da kuɗin aiki, domin ƙusar da ta ɓuya a ciki tana kashe bakin zarto, kafinta kuma zai ɗora miki wannan a lissafi.

Falet kuwa, to, yana da araha. Yawancinsa katako ne mai taushi, bencin falet na taɓa saya, damina na shigowa ya fara lanƙwasa. In dole sai shi, ki duba hatimin da ke jikinsa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma hayaƙin maganin ƙwari mai guba aka yi masa. Mai MB kada ya shiga ɗakinki, haka wanda ya sha mai ko ba ki san kayan da ya ɗauko ba.

Sai kuma ki yi hattara da masu sayarwa. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ana samun tsofaffin kayan gini, akwai masu amana, akwai kuma waɗanda za su shafe farin katako mara nauyi da jan launi su rantse miki madaci ne. Wasu garin katako suke kwaɓawa da gam su toshe ramukan ƙwari. Ki je da kafintanki. Ya kankare gefe da wuƙa, in jan bai shiga ciki ba, launi ne. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa, in ya ji sauti holoƙo ko gari na zubowa, gara ta riga ku.

In akwai tsohon fenti a jiki, a kankare shi a waje, nesa da yara, domin wasu tsofaffin fenti na ɗauke da dalma. Kuma kada ki biya cikon kuɗi sai kin ga katakon tsirara, kafin a shafa masa komai.