Sinadaran CUBIC: Ƙwaƙwalwar Ɓera Garau Kamar Gilashi, Amma Sai an Yi Haƙuri

Haske ba ya ratsa ƙwaƙwalwa saboda ruwa da kitsen da ke cikinta suna karkatar da shi ta fuskoki dabam-dabam, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna yanka ta sirara-sirara kafin su sa ta ƙarƙashin madubin kimiyya. Sinadaran CUBIC, waɗanda Hiroki Ueda da Etsuo Susaki suka ƙirƙiro a cibiyar RIKEN ta Japan a 2014, kuma kamfanin TCI na Tokyo yake sayarwa a kwalba, an yi su ne domin a ga ƙwaƙwalwar ɗungurungum ba tare da wuƙa ba.

Aikin mataki biyu ne. Bayan an ƙarfafa naman da paraformaldehyde, sinadarin da ke hana shi ruɓewa, ana jiƙa shi a CUBIC-L cikin ɗumin digiri 37 a ma'aunin Celsius na wasu kwanaki har kitsen ya fita, sannan a mayar da shi cikin CUBIC-R+, wanda ke daidaita ma'aunin karkatar haske a duk sassan naman zuwa kusan 1.52, domin hasken ya ratsa. Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙinsa, domin hanyar CLARITY ta asali, wata dabarar mayar da nama garau, wadda aka fitar a jami'ar Stanford a 2013, tana buƙatar na'urar da ke janye kitse da wutar lantarki, alhali nan kwalba da injin girgizawa sun wadatar. Haka kuma tushen sinadaran ruwa ne, don haka hasken GFP, furotin mai ba da koren haske da aka yi wa jijiyoyi alama da shi, ba ya dusashewa da wuri, saɓanin hanyoyin da ke amfani da sinadarai masu narkar da kitse kai tsaye. Har jan launin jini ma suna wanke shi, abin da ke da amfani ga hanta da zuciya.

Sai dai naman yana kumbura, yana kuma yin laushi ƙwarai, ta yadda ɗaga shi da gaggawa kan iya tsaga shi. Duk mai auna tsawon jijiyoyi dole ya riƙa lissafa wannan kumburin.

Ina ganin sun cancanci kuɗinsu ga ɗakin binciken da ya riga ya mallaki madubin da ke haska nama faifai-faifai, da kwamfuta mai ɗaukar manyan hotuna. Wanda madubin konfokal, mai duba nama ɗigo-ɗigo da hasken leza, kaɗai gare shi zai fi cin moriyarsu a kan yankan nama mai kaurin milimita ɗaya ko biyu.