Izinin rubutu a rajistar Windows: manhaja ta buɗe wa kanta ko a yi shi lokacin girkawa?

Ɗan'uwa, ka ce manhajar da ka rubuta wa wani shagon magani tana ajiye saitinta a HKEY_LOCAL_MACHINE, sashen rajista (ma'ajiyar saitin Windows) da ya shafi kwamfutar gaba ɗaya. A kwamfutarka lafiya lau, amma da yaron shago ya kunna ta sai Windows ta hana ta rubutu, ta fito da kuskure mai lamba 5. Kana tambaya ko manhajar ta riƙa gyara izinin da kanta duk sanda aka buɗe ta.

Ana iya yi. Manhajar za ta kira RegSetKeySecurity ko SetNamedSecurityInfo, in kuma C# kake rubutawa, ka haɗa RegistryAccessRule ka sa shi cikin RegistrySecurity ka miƙa wa SetAccessControl. Rubutun ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne, sauya izini shi kansa sai da izini, wanda ake kira WRITE_DAC, kuma asusun yaron shago karatu kaɗai aka ba shi a wannan sashe. Tun fitowar Windows Vista a 2007, ko asusun admin ne sai UAC, tagar da ke fitowa kafin a yi aiki da ikon admin, ta tsayar da shi ta nemi amincewa. Ke nan kullum da safe sai an nemo mai shago ya sa kalmar sirri. Ba zai jure ba, zai ba yaron kalmar ne ya huta, daga nan kuwa tsaron kwamfutar ya tafi gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa in ce kada ka bi ta nan.

Lokacin girkawa kuwa, dama da ikon admin ake aiki, kuma sau ɗaya ne. Fayil ɗin girkawa ya ƙirƙiri mabuɗin (wurin ajiye saiti a rajista, kamar folda), ya ba masu amfani izinin rubutu, shi ke nan, manhajar ta ci gaba da aiki da ƙaramin asusu. A Inno Setup, manhajar haɗa fayil ɗin girkawa, layi ɗaya ne a sashen rajista: Permissions: users-modify. Masu amfani da fayil ɗin girkawa irin na MSI suna da teburin MsiLockPermissionsEx tun Windows Installer 5.0.

Kowace ka bi, ka buɗe ƙaramin mabuɗi guda a ƙarƙashin sunan manhajarka, ba SOFTWARE duka ba. Kada ka ba Everyone cikakken iko, kada kuma ka cire jerin izinin gaba ɗaya, abin da ake kira NULL DACL, don wannan buɗe ƙofa ne ga kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ajiye adireshin wani fayil da admin ko sabis na Windows zai kunna a cikin mabuɗin da kowa ke iya rubutawa. Duk wanda ya sauya adireshin, manhajarsa ce za ta tashi da cikakken iko.

Sannan ka kira rukunin masu amfani, wato Users, da lambarsa, S-1-5-32-545, ba da suna ba. In manhajar ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram inda ake da Windows ta Faransanci, rukunin Users sunansa Utilisateurs, kuma neman sa da sunan Turanci zai faskara.

Ka lura kuma, in manhajarka ta 32-bit ce mara manifest (bayanin da ke gaya wa Windows matakin ikon da manhaja ke buƙata), Windows na iya karkatar da rubutun a ɓoye zuwa VirtualStore na kowane asusu. Ba za ka ga kuskure ba, amma abin da mai shago ya saita yaron ba zai gan shi ba.

Kafin duk wannan, duba saitin kansa. In zaɓin firinta ne ko harshen allo, na mutum ɗaya ne, mai da shi HKEY_CURRENT_USER, inda kowane asusu ke rubutu ba tare da neman izinin kowa ba.