Abin da ke rakiyar duron silen a Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni ko sinadarin silen da muke aiki da shi a nan Jamus ya fi wanda 'yan kasuwa ke kawo muku kyau, tunda ana ta cewa kayan Turai daban ne. Gaskiyar magana, ruwan da ke cikin duro kusan ɗaya ne ko'ina aka yi shi. Inda suka yi mana nisa shi ne abin da ke rakiyar duron: rubutun jikinsa, takardarsa, motar da ta kawo shi, da wanda zai ɗauki waya in abu ya ɓaci.

Masana'antar da nake ciki gam take yi, irin wanda ake matsawa a gefen gilashin taga don toshe kafa. Silen ɗin da muka fi amfani da shi sunansa vinyltrimethoxysilane, ana taƙaita shi da VTMO. Aikin dangin silen kamar na mai shiga tsakani ne: hannu ɗaya ya riƙe gilashi ko ƙarfe ko garin silika, ɗayan ya riƙe roba, sai abubuwan da ba sa jituwa su manne. Da su ake gyara zaren gilashi, da tayar mota, da robar da ke lulluɓe wayar lantarki, da bututun ruwan zafi. Kamfanin Evonik na sayar da shi da sunan Dynasylan VTMO, Wacker na ce masa Geniosil XL 10, Momentive ta Amurka Silquest A-171, Shin-Etsu ta Japan kuma KBM-1003. Masana'antun Sin ma suna yin sa da yawa. Duk sunan da aka laƙaba masa, lambar rajistarsa ta CAS, wato lambar shaida da kowane sinadari ke da tasa a duk duniya, ba ta canzawa: 2768-02-7. Ita za ka nema a jikin duro, kada sunan kasuwa ya ruɗe ka.

Ruwa ne garau, ba launi, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma da zafinsa ya kai wajen digiri 25 a ma'aunin Selshiyas, tururin da yake fitarwa ya isa ya kama da tartsatsi guda. Wannan lambar ce nake so ka riƙe fiye da komai. A nan, rabin shekara ɗakin ajiya bai kai wannan zafin ba, duk da haka suna lallaɓa shi. A ƙasar zafi kuwa, kusan kullum duron ya riga ya haye wannan iyaka tun hantsi, ko da a inuwa yake. Wato ku kuka fi su buƙatar dokokin da suka kafa wa kansu. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya taru a rami ko kwata, ya yi tafiya har ya tarar da janareta ko mai walda a can gefe, wutar ta biyo shi ta dawo bakin duro.

Haɗari na biyu ruwa ne. VTMO na haɗuwa da danshi sai ya fara warwarewa yana sakin metanol. In ka lissafa, kilo ɗaya in ya gama warwarewa zai ba da kusan giram 650 na metanol. Metanol kuwa ya fi shi saurin kamawa, tun daga wajen digiri 11, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake gani, kuma shi ne gubar nan da ke lalata jijiyar ido har ta kai ga makanta. Wanda ya haɗiyi silen ɗin, danshin cikinsa ne zai yi wannan aikin. Saboda haka duron da aka bari a buɗe cikin damina asara biyu ce: kayan sun lalace, sun yi kauri ko sun yi gajimare, abin da ya rage a ciki kuma ya fi na farko haɗari. Akwai 'yan'uwansa da ke sakin etanol maimakon metanol, sun fi sauƙi ta wannan fuska, amma su ma da yawansu suna cin wuta. Wani kuma, mai amino a jikinsa, ba ya saurin kamawa sai dai yana ƙona fata da ido. Kada ka ɗauki dokar ɗaya ka ɗora wa ɗaya don kawai duk silen ake ce musu.

To, yanzu ga abin da ake saye da kuɗi a nan ba tare da an lura ba. Kowane duro yana zuwa da alama mai siffar lu'ulu'u, jan baki, farin ciki, da hoton harshen wuta. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya ne mai suna GHS, wanda aka fara bugawa a 2003. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka a 2008, Amurka ta daidaita nata da shi a 2012. A ƙarƙashin alamar akwai lambobi: H226 na nufin ruwa da tururi masu kamawa da wuta, H332 na nufin shaƙarsa na cutarwa. Sannan dole mai sayarwa ya ba ka takardar bayanin tsaro kyauta, cikin harshen ƙasar da yake sayarwa. Sashe 16 gare ta, jerinsu ɗaya a Turai da Amurka da Japan, don haka ko ba ka jin harshen ka san inda za ka duba. Na 4 taimakon gaggawa, na 5 kashe gobara, na 6 in ya zube, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya.

Na ga kayan da suka zo kai tsaye daga masana'anta a Asiya, takardarsu cikakkiya, ba abin da za ka kushe. Na kuma ga waɗanda suka bi ta hannun dillalai uku huɗu, an juye su cikin jarka, rubutun ya kankare, takardar ta wani sinadari ce daban aka kwafo. A ganina matsalar ba ƙasar da aka yi kaya ba ce, yawan hannun da suka ratsa ne. Duk juyi ɗaya, danshi ya shiga, bayani ya fita.

Jigila ma wani abin kallo ce. Motar da ke kawo shi tana bin yarjejeniyar ADR ta 1957 kan jigilar kaya masu haɗari a hanyar mota, da farantin ruwan lemo gaba da baya, direban kuma sai da takardar horo ta musamman. A jikin duron akwai jan tambari mai lamba 3, ajin ruwa mai cin wuta. In mota ta kife a hanya, bayan lambar gaggawa ta 112, masana'antun sinadarai na Jamus suna da wani tsari tun 1982 mai suna TUIS: 'yan kwana-kwanan kamfanoni ne ke ba na gari shawara ta waya, in ta kama su fito da kayan aikinsu. Amurka na da irinsa, CHEMTREC, tun 1971. Wannan kam na yaba musu, don ba kowane mai kashe gobara ne ya san cewa fesa wa silen ruwa da ƙarfi watsa shi yake yi ba. Abin da ake so shi ne kumfa mai jure barasa, ko garin kashe wuta, ko iskar kabon. Ruwa sai dai a yayyafa wa durorin da ke kusa don su huce.

A cikin masana'anta, kafin a buɗe murfi sai an maƙala wa duro wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa, a haɗa shi da mazubin da za a juye a ciki da wata wayar. Ruwa mai gudu a bututu yana tara lantarkin gogayya, kuma ɗan ƙyas ɗin da ba ka ma ji ba ya wadatar. In an ɗiba, sai a cike gurbin da busasshiyar iskar naitirojin a rufe ruf. Ƙananan gwangwanaye suna zama a kabad na musamman da aka gwada zai jure gobara minti 90. Tabarau mai rufe gefe dole ne, safar hannu ta robar butil, ba siririyar nan ta asibiti ba. Takunkumin ƙura kuwa ba ya tare tururi ko kaɗan, kuma matatar da ake sa wa yawancin tururin sinadarai ba ta riƙe metanol sosai, sai mai alamar AX. In ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti da takardar a hannu. In ya zube, a kashe duk abin da ke tartsatsi, a buɗe ƙofofi, a tsotse shi da busasshen yashi, ba garin katako ba, kuma kada a kora shi kwata. Doka ta ce a maimaita wa ma'aikaci wannan karatu aƙalla sau ɗaya a shekara, ya sa hannu.

Kada ka ɗauka komai nasu daidai ne. Takardu sun yi yawa har wasu na sa hannu ba su karanta ba, kuma ɗan ƙaramin mai sana'a da ke son lita kaɗan yana shan wahala, don manyan masu sayarwa sai da rajistar kamfani suke kula ka. Akwai kuma masu ganganci a cikinsu kamar ko'ina. Sai dai an tsara wurin yadda ko mutum ya yi sakaci, akwai abu na biyu da zai tare.

Duron da ya ƙare shi ya fi ba ni tsoro a kanku. A nan ba ya zama na kowa. Kamfanin da ke da lasisi ne ke zuwa ya kwashe, ya wanke ko ya narkar. Mu kuwa duro dukiya ce, wani zai so ya yanke kansa ya tara ruwa. Duron da ake gani babu komai cike yake da tururi gauraye da iska, kuma wannan gaurayen ne ke fashewa, fiye da cikakken duro. Kada a kusance shi da walda ko injin yanka, kada kuma a zuba abin sha a ciki ko an ɗauraye.

In mai kawo muku kaya ya sake zuwa, ka nemi takardar nan mai sashe 16, ka duba ko lambar CAS da ke sashe na 3 ta yi daidai da ta jikin duro. Ka ɗauki hoton duka biyun ka turo mini in karanta maka. A gaida mutanen gida.