Suzuki Samurai: injin Vitara 1.6 ko dizal ɗin Volkswagen 1.9?

Duk mai tsohuwar Samurai ya san matsalar, injinta na asali 1.3 ne mai kafireta, ƙarfin doki wajen 63 kacal, ka sa mata manyan tayoyi ka ɗora kaya sai ka ji tana nishi a hawan tudu, shi ya sa ake sauya mata inji.

Injin Vitara G16 mai bawul 16 yana ba da wajen doki 95, kuma ɗan gida ne, wato shi ma na Suzuki, na alminiyum mara nauyi, da farantin haɗi kawai zai zauna da giyabos ɗin Samurai. Wahalar tana wajen wayarin, dole a taho da birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da famfon mai na injekta, in mai wayarin bai ƙware ba to wallahi kun dinga zarya kenan. Ya ɗan fi na asali tsayi, a duba bonet.

Shi kuwa 1.9 TDI na Golf da Passat doki 90 ne, amma fa ƙarfin ja ba a magana, wajen 200 Nm (ma'aunin ƙarfin ja) tun inji bai ɗau zugi ba, ga rashin shan mai. Sai dai ƙarfe ne mai nauyi, gaban mota zai sunkuya sai an ƙara sifirin, sannan giyabos ɗin Samurai ba don wannan ƙarfin aka yi shi ba, shi ya sa wasu ke haɗawa da na Toyota, kuɗi na ta tafiya.

Ni dai Vitara zan ɗauka, sai in ja kaya a daji ne aikinka kullum.