Shagon hulunan besbol a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai

Duk mai neman hular besbol ta gaske a Kano, wato hana-sallah irin wadda 'yan wasan Amurka ke sawa a fili, ba irin ta bakin titi da ake manna mata NY a karkace ba, to shawarata ya leƙa layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai. Akwai wani ɗan shago can ciki, ko allo ba shi da shi, in ka shiga layin masu riguna ka tambayi mai huluna za a nuna maka. Huluna da rigunan wasanni kawai yake tsincewa idan an buɗe dila, kuma gaskiya yana da ido, dan kayan da yake warewa sun bambanta da tarkacen da ake zubewa a ƙasa ana kiran kuɗi.

Ni dai besbol nake so, na san a garin nan mu 'yan kaɗan ne, kowa Madrid da Barca da Arsenal. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a Niyok sha biyun dare ne a wajenmu, na Los Angeles kuwa sai uku na dare, ga data ga rashin wuta, saboda haka yawanci guntayen bidiyo nake bi da safe sai kuma karatu. Shi ya sa idan na shiga shagon nan ba hula kawai nake gani ba, kowacce da labarinta.

Abin da ya fara burge ni, yawancin kayansa na New Era ne na ainihi. In kana so ka gane, juya hular ka duba ciki, zaka ga ƙyallen da ya rufe ɗinkin an rubuta masa sunan kamfanin da 59FIFTY a jere, ga lambar girman kai irin 7 1/4 ko 7 3/8, a ƙeya kuma ga tambarin nan na mutum riƙe da sanda, fari tsakanin shuɗi da ja. Harafin gaba a kumbure yake, zaren a cike, ka sa farce ka kankara ba ya tashi. An kafa kamfanin a garin Buffalo na Amurka a 1920, kuma daga 1993 shi kaɗai ke yi wa duk ƙungiyoyin MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, hular da suke shiga fili da ita. Tsofaffin na ulu ne, a 2007 aka koma roba-roba, to wannan ka lura da kyau, ta ulun ta fi kyau a ido amma a zafin watan uku da huɗu na Kano kanka zai dahu, sai dai ka ajiye ta hunturu.

NY ta New York Yankees da LA ta Los Angeles Dodgers kam suna nan jibge, su ne ke tafiya. Yankees sun ci World Series, wato kofin ƙarshe na gasar, sau 27, babu mai ko rabin haka, duk da rabonsu da shi tun 2009, a 2024 ma Dodgers suka doke su huɗu da ɗaya. To ba laifi ba ne matasa su so su. Amma ni abin da ya sa nake komawa shagon shi ne waɗanda ake turewa gefe.

Misali wata shuɗiya mai farin B da na zaro daga ƙasan tulin, bakinta ya ɗan koɗe, gefen ciki akwai shatin gumi. Yaron shagon ya ce yallaɓai ai ta Barca ce, na ce a'a ƙanena, ba ta Boston ba ce ma, ta Boston duhu ce kuma B ɗinta ja. Wannan ta Brooklyn Dodgers ce, su ne dai Dodgers ɗin LA kafin su ƙaura a 1958. Kuma irin hular nan ce a kan Jackie Robinson ranar 15 ga Afrilu 1947 da ya shiga filin Ebbets, baƙar fata na farko a babbar gasar bayan an shafe sama da shekara hamsin an rufe musu ƙofa. Shugaban ƙungiyar Branch Rickey ya ɗauko shi ne da sharaɗin duk zagin da za a yi masa kada ya rama, dan ya san in ya rama sau ɗaya za a ce kun gani ai ba za su iya ba, a sake rufe ƙofar. Aka zage shi daga kujerun 'yan kallo, aka aiko masa wasiƙun barazanar kisa, wasu otal suka hana shi kwana tare da abokan wasansa, masu jifa suna auna jikinsa da ƙwallo, mutumin da asali mai zuciya ne dan har kotun soja ya shiga a 1944 saboda ya ƙi komawa bayan bas. Ya danne duka, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, ya zama gwarzon gasar a 1949, suka ci Yankees a World Series na 1955. A 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk ƙungiyoyi, Mariano Rivera na Yankees ne na ƙarshe da ya sa ta har ya yi ritaya a 2013, yanzu kuma duk 15 ga Afrilu kowa a fili 42 yake sawa, daga 'yan wasa har alƙalai. Wallahi duk sanda na tuna ya rasu yana da shekara 53 kacal sai jikina ya yi sanyi, dan irin wannan haɗiye baƙin ciki ba ya barin mutum lafiya.

Mai shagon yana gefe yana ji, sai ya ce Malam ashe haka take, ka ga da tuni na bayar da ita a kuɗin banza. Na ce Alhaji to kada labarina ya ja mini ƙari fa. Ya yi dariya ya ce a'a, yadda ka taya na sallama. Nan kam ya kyauta.

Na samu kuma baƙa mai P ruwan ɗorawa, ta Pittsburgh Pirates. Wannan ita ce ta Roberto Clemente ɗan Puerto Rico mai lamba 21, wanda ya tsaya a bugu 3,000 cif, ya rasu ranar 31 ga Disamba 1972 a haɗarin jirgin da ya shiga da kansa dan kai kayan agaji ga mutanen Nicaragua bayan girgizar ƙasa, saboda ya ji ana karkatar da kayan da aka aika a baya. Kuma a Pirates ɗin ne Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ya buga a 2017, ɗan wasa na farko haifaffen Afirka a MLB. Ita nake sawa yanzu in zan fita, baƙa ce tana shiga da kowace riga.

Wadda na yi ta nema ban samu ba ita ce ta Kansas City Monarchs, ƙungiyar da Robinson ya buga wa a 1945 a gasar baƙaƙen fata, irin wadda Rube Foster ya fara kafawa a 1920. Labarin gasar nan na fi saninsa ne daga wani tsohon littafi mai hotuna da na saya wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa ta wajen Bata, bangonsa ya cire, wasu shafukan ruwa ya taɓa su, amma hotunan suna nan, maza cikin riguna masu faɗi a gaban tsohuwar bas. A ciki na fara ganin fuskar Satchel Paige, wanda sai da ya kai shekara 42 kafin aka bar shi ya buga wa Cleveland a 1948, da Josh Gibson da ya rasu a farkon 1947 bai ga ranar da aka buɗe musu ƙofa ba. Sai a 2024 MLB ta haɗa alƙalumansu da na kowa, Gibson ya hau saman Ty Cobb, wanda a da shi ke riƙe da tarihi, a yawan dacewar bugu. Na kwatanta wa Alhaji hular, na nuna masa hoto a waya, ya ce in ta faɗo zai ajiye mini.

Riguna ma akwai amma ba yawa, kuma a nan ne nake da ƙorafi. A cakuɗe suke da na kwando da na ƙwallon Amurka, sai ka yi ta tono. Ta besbol mai maɓallai ce a gaba daga sama har ƙasa. Na ga wata fara mai siraran layuka ta Yankees da suna a baya, to ka sani irin wadda 'yan wasansu ke sawa lamba kawai gare ta, ba sa rubuta suna, mai sunan ta 'yan kallo ce, bai kamata a saka mata kuɗin waccan ba kuma na faɗa masa. Akwai safar hannu ta fata guda ɗaya rataye a ƙusa, ta yara ce, igiyoyinta sun bushe sun tsattsage, ban ba kowa shawarar saye ba.

Shagon kansa matsattse ne, mutum uku in sun shiga na huɗu sai ya jira a waje, ba fanka, madubi ɗan ƙarami ne mai tsaga, gara ka duba kanka a kyamarar waya. Ba ya karɓar kaya in an fita da su, saboda haka gwada a wajen, dan irin wannan hular ba ta da abin ƙara girma a baya, in ta matse ta matse kenan. Ka duba bakin kada ya karye a ciki, ka shinshina ma, wasu sun daɗe a dila sun yi warin danshi. Jabu takan shigo cikin tulin jefi-jefi, amma da na nuna masa wata bai yi gardama ba, ya cire ta ya jefa cikin na araha.

Kuɗi kuwa da sauƙi idan ka kwatanta da manyan shagunan cikin gari masu gilashi, wanda ma ba ka da tabbas a kan nasu. NY da LA yana riƙe musu wuya dan ya san za su tafi, albarka zai ta ce maka, amma sauran ƙungiyoyin da ba a sani ba da ka yi tayi mai ma'ana zai sallama. Yana karɓar taransifa. Ka je da safe ranar da aka buɗe sabuwar dila, ka karɓi lambarsa ya dinga gaya maka, dan kafin azahar masu sari sun kwashe masu kyan.

In ka kai gida kada ka jiƙa ta a ruwan zafi, ta ulu shanyewa take yi ta ƙanƙance. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ka sa tsohon buroshin haƙori ka bi zagayen cikin inda gumi ya zauna, sannan ka kifa ta a kan ƙaramin kwano a inuwa har ta bushe, haka na yi wa ta Brooklyn ɗin kuma shatin gumin ya fita kusan duka.